Buhunan Zaglula

Bayan garin Bagadaza,
Agusta, 1986

Zuwa ga Gwaggo Wahiba, Ummu Sabri, a Kafr Mandur.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ta kai yawan bambaron da ke jibge a kan rufin gidanki. Yaya ƙafar? Ina fata kumburin ya sauka kin daina ɗingishi. Yaya labarin Sabri a gidan soja? Allah ya dawo miki da shi lafiya. Girgis mai shago, na san kai ne kake karanta mata wannan takarda, kai ma ina gaishe ka. Don Allah ka karanta a tsanake, kada ka tsaya auna wa wani sukari a tsakiyar magana.

Ni lafiyata ƙalau, sai zafin ƙasar nan da ba ya jin magana. Har yanzu ina gonar shanun nan, ina kwasar kashi ina zuba abinci, safe da yamma.

Gwaggo, abin da ya sa na zauna rubutu shi ne ɓaunarmu Zaglula. Shahat, yayan matata, ya rubuto mini cewa ya biyo ta gidanki, kuma tun daga bakin ƙofa ya hango haƙarƙarinta a fili. Tun da na karanta ban ji daɗin abinci ba. Kin san ita ce duk abin da shekara uku na wahala a ƙasar mutane ta haifar mini. Ban sayi fili ba, ban yi gini ba, ita na saya na ɗaure a turkenki, a kan nono naki, 'ya'ya mu raba. Ke ma da nononta kike cin abinci tun rasuwar mijinki, Baffa Abdul'ati. Ga shi kuma tana da ciki, haihuwa sai wajen Nuwamba.

Na san abin da take ci, ba sai an faɗa mini ba. Tun da ciyawar barsim ta ƙare a farkon bazara, bambaron alkama ne safe da yamma, in an yanke shinkafa kuma a koma na shinkafa. A nan gonar na koyi wani abu daga likitan dabbobinmu, wani mutumin Sudan mai haƙuri da tambaya. Ya ce bambaro cika ciki kawai yake yi, ba ya gina jiki. Dabba za ta wuni tana tuƙa, tana ramewa a tsaye. Dole a haɗa mata da abin da ke sa tsoka, ko da kaɗan ne. Na gani da idona, Gwaggo, shanun nan bambaro suke ci kamar namu, amma da ɗan abin da ake barbaɗa musu a kai sai ki ga bayansu yana sheƙi.

Saboda haka na sa Shahat ya kawo miki buhu uku na ƙuliƙulin angurya daga wurin matsar man da yake aiki, da buhun dusa guda. Na Zaglula ne ita kaɗai, domin haihuwar nan, ta samu ƙarfi nono ya zubo. Ana jiƙa kwano ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a barbaɗa a kan bambaron. Ki riƙe mini su amana, don na san mutanen Kafr Mandur da aro, abin da ya shiga hannunsu sai dai ka ji labarinsa.

Ki gaishe mini da Hajji Bayumi da duk wanda ya tambaye ni. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Mitwalli

Kafr Mandur,
Satumba, 1986

Zuwa ga ɗana Mitwalli.

Wa alaikassalam. Takardarka ta iso, mun ji daɗi da kake lafiya. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, ranar da ta ga dama ta bar ni in je kasuwa, ranar da ba ta ga dama ba in zauna. Sabri ya zo hutu ya koma, ya yi baƙi ya rame, wai su ma wake suke ci kullum. Girgis ne yake rubutawa, na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

To, ka gaya wa Shahat na gode da ido. Mutumin da bai taɓa kama hantsar ɓauna ba, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmin birni yana tsoron taka kashi, shi ne zai ba ka labarin haƙarƙari? Ko shayi bai tsaya ya sha ba. Wace ɓauna ce a garin nan ba ta nuna ƙashi da bazara? Haka muka taso muka gani, su rame da zafi, barsim ya fito su murmure. Zaglula tana ci, bakinta ba ya hutawa, cikinta ya yi girman da sai ta karkace take shiga ƙofar turke.

Kai kuma, ashe zuwa Iraƙi ya mai da kai malamin ɓauna. Zumuncina da kai sai an zauna an warware, kakarka da uwata 'ya'yan wa da ƙane ne, amma da ka rasa inda za ka ajiye dukiyarka ai ba gidan 'yan uwanka na kusa ka nufa ba, nan ka zo, don ka san hannuna. Ina tatsar ɓauna tun kana yawo ba wando.

Buhunan sun iso, uku da na dusa, babu wanda ya huje. Allah ya saka maka, ya ƙara buɗi. Na sa an kai su ɗakin tanderu, na ɗora a kan bulo saboda laima, na rufe da tsohon bargo. Ka ce na haihuwa ne, to suna nan suna jiran haihuwa. Ranar da ta sauke, a ranar zan fara jiƙa mata kwano safe da yamma yadda ka ce, nono ya zubo mu yi mai da cuku. A nan kam ka yi tunani, don mai ciki ba a ba ta abu mai maiƙo. Kai yaro ne lokacin, ba za ka tuna ɓaunarmu ta fari ba. Marigayi ya ga tana da ciki ya dinga ɗura mata wake don so, ɗan ya yi ƙato a ciki ya ƙi fita. Maza huɗu suka ja, muka rasa uwa muka rasa ɗa. Har yau ban manta kukan da ta yi ba.

Maganar aro kuma, kada ka damu. Cikin waɗanda suka ga ana shigowa da su, Fahima maƙwabciyata ce kaɗai ta yi magana. Tata ɓaunar ana tatsar ta, nonon ya ja baya, ta ce in ba ta kwano biyu. Ka san Fahima ce take ba ni nono duk lokacin da tawa ta ƙafe, ban iya kallon idonta in ce babu ba. Kwano biyu ba ya rage buhu.

Ka riƙa rufe kanka da rana. Ka rubuto da wuri.

Gwaggonka,
Wahiba

Bayan garin Bagadaza,
Oktoba, 1986

Gwaggo Wahiba,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Sabri. Ni lafiya, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba.

Takardarki ta yi kusan wata a hanya. Na karanta a tsaye a bakin rumfar shanu, da na zo wajen ɗakin tanderu da bargo sai na zauna a ƙasa. Haba Gwaggo. Wa ya ce miki a jira haihuwa? Na ce domin haihuwa, wato ta ci tun yanzu ta tara ƙarfin da za ta haihu da shi. Ɓaunar da ta kai ranar haihuwa ba tsoka a jikinta, da me za ta yi naƙuda? Wata biyu ke nan abincin yana kwance ƙarƙashin bargo, ita tana bayan bango tana cin kara.

Girman cikin da kike gani ba ƙiba ba ce. Bambaro ne da ya ƙi narkewa, da ɗan da ke ciki. Ki bar kallon ciki, ki dafa gadon bayanta, ki dafa ƙugunta. In hannunki ya sauka a kan ƙashi, to ɗan yana cin uwarsa ne, don shi ba ya jira, abin da yake so zai ɗiba daga jikinta ko ta ci ko ba ta ci ba. Na kai wa likitan nan maganarki ta wake. Bai yi dariya ba, ya ce gaskiya ne in an ɗura wa dabba hatsi ba awo har ta yi kitse, haihuwa tana wuya. Amma kwano biyu a kan bambaro ba zai ƙara wa ɗan girman da zai ƙi fita ba. Ya ce a cikin tumbin ɓauna akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke narka mata bambaron, kuma su ma sai sun samu irin wannan abincin suke aiki. In babu, bambaron ya shiga ya fita kamar yadda ya zo. Ki duba kashinta, za ki ga kara a ciki a bushe.

Don girman Allah, ranar da Girgis ya karanta miki wannan, kada ki koma gida ki ce sai gobe. Ki buɗe buhu. Ki fara da cikin tafi biyu a jiƙe, bayan kwana kaɗan ki kai rabin kwano, sannan kwano. Kada ki juye mata da yawa lokaci guda don ki rama abin da ya wuce, cikinta zai ɓaci. Ki sa mata gishiri kaɗan.

Kuma a daina aro. Kwano biyun Fahima na san shi, gobe ƙanwarta ce, jibi surukarta.

Na je gidan waya har sau biyu in kira tarhon gidan mai gari, na wuni a layi, in an haɗa sai ƙara kawai. Shahat kuma an tura shi aiki Iskandariyya, matata ba ta san hanyar garinku ba. Wannan takardar ba zan sa ta a gidan waya ba, zan ba wani abokin aikina da zai tafi gida jibi, ya yi mini alkawarin zai biyo ta Kafr Mandur ya miƙa wa Girgis hannu da hannu.

Girgis, ka karanta mata sau biyu.

Mitwalli

Kafr Mandur,
farkon Nuwamba, 1986

Ɗana Mitwalli,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, in ka damu ka sani. Tun takardarka ta Agusta ban sake ganin ko layi ɗaya daga gare ka ba. Kullum na wuce shagon Girgis sai na tambaya, har ya fara ɗaga mini hannu tun daga nesa yana girgiza kai. In ciwo kake yi ka sa a rubuto. In kuma fushi ka yi don na taɓa Shahat, to ka huce, ba shi ne a gabana ba yanzu.

Zaglula ba ta yi mini daidai ba. Ban so in faɗa ba, amma dukiyarka ce. Da safe in na shiga sai ta daɗe tana shawara kafin ta tashi, ta durƙusa a gwiwa ta tsaya a haka, sai na dafa ta ina lallashi. Da, in na kai ta magudanar ruwa ni take ja, yanzu ni nake jan ta. Ta kama lasar bango, shekaranjiya na ƙwace tsumma a bakinta. An yanke shinkafa, bambaro ya cika rufi har yana zubowa, ina zuba mata ba ƙaƙƙautawa, tana ci, amma kamar ana zubawa a rijiya.

Na kira Hajji Bayumi ya duba ta, ka san duk garin nan shi ake kira. Ya zagaya ta, ya ɗaga leɓenta, ya ce, "Ummu Sabri, wannan baki ne ya kama ta. Ranar da aka shigo miki da buhuna huɗu a kan amalanke, rabin gari yana kallo." Na ce, "To Hajji, ko in ɗan jiƙa mata ƙuliƙulin nan?" Ya ce, "Ke da kika ga abin da ya sami ta Abdul'ati? Saura ƙiris ta sauke. Ki yi haƙuri barsim ya fito, shi ne maganinta." Na ɗaura mata shuɗin dutse a wuya, na yi mata hayaƙi ranar Juma'a. Barsim ɗin kuwa bana ya makara, ruwa bai zo layinmu da wuri ba, yanzu ne ya fara leƙo ƙasa.

Wallahi Mitwalli, sau uku ina shiga ɗakin tanderu in yaye bargon in tsaya. Zuciya ɗaya ta ce ba ta, ɗaya ta ce in ɗan ya ƙi fita fa, me za ki ce wa mai ita? Ya ce miki na haihuwa ne, ya ce amana. Sai in mayar da bargon. Abin da nake yi, in na gasa gurasa sai in raba biyu, rabi ni rabi ita. Tana karɓa a hannuna tana lasar yatsuna.

Maganar buhu, gara ka ji daga bakina. Ɗaya ya ƙare. Fahima ta ga nonon tata ya dawo, ta kasa riƙe bakinta a bakin famfo. Washegari mata uku a ƙofata, kowace da kwano a ƙarƙashin mayafi. Ɗaya ta ce, "Ummu Sabri, taki ai ba a tatsar ta, ajiye kawai kika yi, in ta haihu mu mayar miki." Ɗaya kuma ita ce ta taya ni zaman makokin mijina. Kai kana can, ba ka san nauyin idon mutane ba. A garin nan wanda ya hana kwano, ranar da tasa ta faɗi shi kaɗai zai ɗaga ta. Biyun da suka rage da dusar na ja su ƙarƙashin gadona, na ce wa kowa sun ƙare, Allah ya yafe mini ƙaryar.

Ka rubuto ka gaya mini abu ɗaya: in ba ta ko in jira? Kai ne mai likita a kusa. Ni na rasa inda zan sa kaina, barci ma ba na yi sosai.

Gwaggonka,
Wahiba

Bayan garin Bagadaza,
Nuwamba, 1986

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Takardarki ta zo jiya.

Ashe ba ki ga wadda na aiko a Oktoba ba. Mutumin da na ba, Allah ya isa tsakanina da shi. Ni ina nan ina cewa yanzu ta kai kwano guda, yanzu bayanta ya fara cikowa, ashe hayaƙi ake yi mata.

Ki ba ta. Ki ba ta yau. Cikin tafi biyu a jiƙe da dusa, safe da yamma, ki ƙara a hankali. Ba baki ba ne, ba ido ba ne, yunwa ce. Lasar bango yunwa ce, cin tsumma yunwa ce. Ɓaunata tana mutuwa da yunwa a gidan da abincinta yake ƙarƙashin gado, ɓaunayen maƙwabta kuma suna zubo da nono da gumina. Kin ji kunyar idon Fahima, ba ki ji kunyar idon Zaglula ba. Hajji Bayumi kuma mahauci ne, Gwaggo. Wa yake tambayar mahauci yadda dabba za ta rayu?

Na roƙi mai gonar hutu, ya ce sai bayan sanyi, fasfo ɗina kuma yana cikin durowarsa. Na tsaya a gabansa kamar yaro har hawaye ya zo mini, ya ce duk wannan a kan ɓauna? Bai san daren da na yi ina jin ƙarar jiragen yaƙi ina cewa ba komai, akwai Zaglula a gida ba.

Da na sani da na sayar da ita tun bara, ko na bar ta a hannun bare wanda zai ji magana. In wani abu ya same ta ban san da wane ido zan kalli gidanki ba.

Wannan ta gidan waya zan sa, da rajista.

Mitwalli

Kafr Mandur,
Disamba, 1986

Ɗana Mitwalli,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ni da sauƙi. Sabri lafiya. Girgis yana gaishe ka, ya rufe shago don mu rubuta wannan ba mai katse mu.

Takardunka biyu sun zo, tsakaninsu kwana ɗaya. Ta Oktoba wani direba ne ya kawo, duk ta yi maiƙo. Wai abokin naka ya sauka ya wuce garinsu can kudu kai tsaye, sai da matarsa za ta wanke riga ta gan ta a aljihu. Girgis ya karanta mini sau biyu yadda ka ce. Bai kai ƙarshen na biyun ba na tashi, na manta da ƙafa, na manta da kwandona a shagon. Na ja buhu daga ƙarƙashin gado na farke shi da wuƙa.

Ta ci, Mitwalli. Ta cinye ta lashe kwanon, ta bi ni da ido har ƙofa. Na dafa gadon bayanta yadda ka ce, hannuna ya sauka a kan ƙashi kamar na dafa bakin tanderu. Kullum ina tare da ita, amma cikin nake kallo. Na yi mata yadda ka rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Ba ta cika mako tana ci ba naƙuda ta zo.

Ɗan bai yi girma ba. 'Yar ƙarama ce, mace, ta fito ba wuya, ni da Fahima kawai muka karɓe ta. Zaglula ta juyo da kai ta lashe ta, ta yi yunƙurin tashi, ƙafafun baya suka ƙi. Na ce gajiya ce. Da rana ta yi ba ta tashi ba na fita na yi kira. Maza suka zo da igiya da itace, suka zura mata buhu a ƙarƙashin ciki suka ɗaga, in sun sassauta sai ta zube. Aka je gari aka ɗauko likitan gwamnati a kan babur, ya yi mata allura ya sa mata ruwa a jijiya. Da zai tafi ya ce, "Hajiya, allura ba ta mayar da naman da aka yi wata huɗu ana zarewa. In ta tashi zuwa gobe, to." Ba ta tashi ba. Rana ta biyu ta daina karɓar abinci, ta miƙe wuya a ƙasa.

Hajji Bayumi ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya ce, "Ummu Sabri, in muka ƙara jira za ta tafi a banza, ko fata ba za a mora ba. Ki ba da izini a yanka ta." Na ce, "Ba tawa ba ce ni kaɗai." Ya ce, "Mai ita yana Iraƙi, ita kuma ba za ta kai la'asar ba." Na ɗauki 'yar na shiga ɗakin tanderu na rufe ƙofa. Ban gani ba, amma na ji.

Ka san yadda ake yi a garin nan in ɓaunar wani ta faɗi. Aka rataye naman a bishiyar ƙofar masallaci, aka yi shela, kowane gida ya zo ya sayi kaso don kada asarar ta zauna a kan mutum ɗaya. Nama ne ja wur, babu ɗigon kitse, ba wanda zai saye shi a kasuwa. Ba gidan da bai zo ba. Wadda na san ba ta da na gishiri ta zo ta sayi ƙashi. Girgis yana cikin azuminsu na kafin Kirsimeti, ba ya cin nama, ya sayi cinya guda ya aika wa masu gadin gona. Ya ce kada in sa wannan a takarda, na ce rubuta. Hajji Bayumi da ka kira mahauci bai karɓi ladan wuƙarsa ba. Abin da aka tara yana ƙulle a ɗankwali a cikin akwatina, ban taɓa ba, naka ne. Ba zai sayi ɓauna ba, ko rabi.

Takardarka ta biyu na sa an karanta mini sau ɗaya, ya isa. Ka ce ban ji kunyar idon Zaglula ba. Ni ce na kwana a turke kanta a kan cinyata, kai kana can kana jin haushi. Layi ɗaya ya gagare ka a takardar farko. Ka cika ta da likitan Sudan da bayan shanu mai sheƙi da halin mutanen Kafr Mandur, ba ka ce fara yau ba. Ni kuma na ji abin da na saba ji, na tsaya a kansa. Ba zan ce maka ba ni da laifi ba, kai ma kada ka ce mini haka. In ba za ka iya kallon gidana ba, ka aiko Shahat ya ɗauki ɗankwalin. Amma ka sani raina ya ɓaci da kai, kuma ina kewarta fiye da yadda kake kewarta, don kai sau biyu ka taɓa ganinta.

'Yar tana raye. Matan da suka ari kwano ba su mayar da ƙuliƙuli ba, kuma ba za su mayar ba, na sani. Amma tun ranar, kafin rana ta fito, sai in ji ana taɓa ƙofa. Fahima ce da kwanon nono da ɗuminsa, bayanta ƙanwarta, bayanta sauran. Sun raba kwanaki a tsakaninsu ba tare da na roƙa ba. Ina tsoma yatsuna a ciki tana tsotsa. Jiya ta yi tsalle ta ture mini tulu. Rabinta naka ne yadda muka yi, ban sa mata suna ba, na bar maka.

Buhu biyu sun rage, ɗaya an ɗan taɓa shi, da dusar. Ka tambayi likitan naka yaushe 'yar za ta iya fara ci, da nawa za a ba ta. Ka rubuta shi a fili, a layin farko, kafin gaisuwa.

Barsim ya kai gwiwa yanzu, bana ya yi kyau ƙwarai. Kowace safiya ina zuwa in yanka dami in ɗoro a kai, sai na iso ƙofar turke nake tunawa.

Gwaggonka,
Wahiba